Ayka a Dusar Ƙanƙarar Mosko

Asabar. Hazo ya rufe gari, tari ya hana ni sakat, ko ƙofar gida ban leƙa ba. Bayan azahar na jawo kwamfuta na kunna Ayka, fim ɗin haɗin gwiwar Rasha da Kazakistan da wasu ƙasashe na 2018 da Sergei Dvortsevoy ya ba da umarni. Ƙanwata ta shigo aron caja, ta ɗosana a bakin katifa, ba ta tashi ba sai da aka gama.

Ayka 'yar Kirgizistan ce da ta je ci-rani Mosko. Ta haihu a asibiti, ta bar jinjirin, ta fice ta taga. Da ɗanyen jego, jini na zuba, ta koma wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda mata ke figar kaji cikin tururi, ƙarshe mai aikin ya gudu da haƙƙinsu. Takardunta sun ƙare, masu bin ta bashi sun dame ta da kira, dusar ƙanƙara ta toshe tituna. Wurin da ya fi ci mini rai shi ne asibitin dabbobi: tana goge-goge, ruwan nono ya jiƙa mata riga, a gabanta ana lallaɓa karnukan masu hali. Wani rahoto ne ya tayar da Dvortsevoy, cewa a 2010 mata 'yan Kirgizistan sun bar jarirai 248 a asibitocin haihuwa na Mosko.

Abin da na yaba shi ne inda aka ajiye kyamara. Tana manne da ƙeyar Ayka da fuskarta, har numfashinta kana ji. Masu gari kuwa, Rashawan, sai dai su gifta: hannu mai miƙo tsintsiya, murya mai cewa babu aiki. Mai shara, wadda aka saba gani a gefen hoto, ita ce tsakiya.

Ƙanwata ba ta gamsu ba. Ta ce, "Yaya, wannan matar ba ta da dangi ne? Ba waƙa, ba raha, ba hirar gida. Wanda bai san Kirgizawa ba zai ɗauka wahala ce kaɗai sana'arsu." Ta kawo zancen matanmu da ke zuwa aikatau Saudiyya, ta ce ko su ai suna biki, suna adashe. Ta yi gaskiya a nan. 'Yan ƙasar Ayka da ke cikin fim ɗin ma, in ka cire wata mai shara da ta tausaya mata, yawanci ko abokan wahala ne ko masu matsa mata.

Sai kuma batun wa ya ba da labarin wa. Samal Yeslyamova, wadda ta ci kyautar gwarzuwar 'yar wasa a bikin finafinai na Cannes da wannan rawa, 'yar Kazakistan ce. Shi ma Dvortsevoy haifaffen birnin Shimkent na Kazakistan ne, kuma Kazakistan ce ta tura fim ɗin gasar Oscar. Maƙwabta ne, ba masu ɗaki ba. Ni wannan bai dame ni kamar rashin rahar ba, don wasan Samal ba na wasa ba ne.

Da daddare, muna cin tuwo, ta tambaye ni ko ƙananan ƙabilun Rasha, ƙasar da ke da ƙabilu sama da 190, na yin nasu finafinan da bakinsu. Na ce akwai na Kira Kovalenko na 2021, da harshen Osetiya, a wani garin masu haƙar ma'adinai na Kaukasus. Ta ce in nemo shi kafin hutunta ya ƙare, datar kuma daga aljihuna.