Daga filin jirgin Bol zuwa tsibirai

Filin jirgin sama na Bol, a ƙasar Chadi, ƙarami ne, ƙananan jirage ne ke sauka a kansa, galibi daga Njamena, ɗauke da ma'aikatan agaji da akwatunan magani. Amma wanda za shi Kinasserom ko wani tsibiri a cikin Tafkin Chadi, saukar jirgi ba ita ce isarsa ba. Sauran tafiyar a hannunmu take. Ina da kwale-kwale 3, kowanne da injin Yamaha mai doki 40, da yara 7 da muke aiki tare.

A wurin kawuna na koyi ruwa. Sai da na shekara biyu ina kwarfar ruwa da ƙwarya daga cikin jirgi kafin ya bari na taɓa gora, balle inji. Yakan ce mini, "Yaro, dubi launin ruwan tukun, hannunka ya biyo baya." Inda ya yi duhu akwai zurfi, inda ya yi fari-fari yashi na kusa. Shi ya ga tafkin a 1963, lokacin da faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, ya kuma ga yadda farin 1973 da na 1984 suka janye shi. Shi ya sa bai taɓa yarda da hanyar bara ba. Ni ma haka nake. Ruwan kogin Shari yana cika tafkin bayan damina, sannan iska ta turo tarin ciyawa mai yawo ta toshe mashigar da ka bi jiya. Ko shanun kuri idan suna iyo daga tsibiri zuwa tsibiri, ƙahonsu kawai a sama, mukan sassauta inji mu ba su hanya, don dukiyar Buduma ce, mutanen tsibiran.

Jiragena na katakon maɗaci ne. Ni nake tsayawa a kan kafinta, a cusa tsumma a kowace gaɓa, a bi da kwalta mai zafi har sau biyu. Akwatin rigakafi kuwa ba ya taɓa ƙasan jirgi. Muna ɗora shi a kan katako, mu rufa da tabarma da jiƙaƙƙen buhu, saboda rana ɗaya ta Bol ta isa ta lalata maganin yaran ƙauye guda.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu haɗa jirgi da farin katako, su shafa fenti, su karya farashi. Fasinja ya sauko daga jirgin sama, ya tsaya yana ja-in-ja da ni a kan 'yan sefa, wai ga wani can ya yi masa rabi. Rabin nan ba rigar ruwa, ba filafili ko ɗaya idan inji ya mutu. Na sha janyo irinsu da igiya.

Masu mai ma sun taɓa cuta ta. Wani ya sayar mini da fetur gauraye da ruwa, inji ya ɗauke muna tsakiyar ciyawa, ga malamar asibiti da akwatunanta, ga kukan dorina ba nisa. Da gora muka ƙarasa, bayan isha'i. Tun ranar duk jarkar da ta zo sai na tsiyaya kaɗan a kwalba na ɗaga ta a rana kafin ta shiga tanki.

Mai son mu tarye shi, ya sanar da mu kwana ɗaya kafin jirginsa ya sauka, don mu duba mashiga da asuba.