Yadda na jawo wa shafin Alhaji hukuncin Google da hannuna

Alhajin da na gina wa shafin dillalin dankalin Turawa ne a kasuwar Farin Gada da ke Jos. Daga Bokkos da Mangu ake kawo masa kaya, shi kuma ya loda zuwa Abuja da Legas. Ɗansa ne ya zuga shi ya buɗe shafin intanet, don masu otal su riƙa samunsa kai tsaye, ba sai ta hannun 'yan kamasho ba. Cikin mako biyu na gama aikin, aka sallame ni.

Bayan kamar wata guda ya kira ni rumfarsa. Hunturu ne, sanyin Jos na ratsa ƙashi, yana zaune kan buhu ya naɗe wuya da mayafi. Ya miƙo mini wayarsa.

"Malam, na rubuta dankalin Jos a Google, har shafi na biyar na sakamakon na duba ban ga kaina ba. Ko dai kuɗina sun bi ruwa ne?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, Google ne ya danne mu. Haka yake yi wa sababbin shafuka."

Na sha jin wannan magana a bakin 'yan sana'armu, wai akwai wani kurkuku da ake tsare sabon shafi a ciki na wasu watanni kafin a sake shi. Ma'aikatan Google sun sha musanta haka. Sabon shafi dai tamkar sabon dillali ne a kasuwa: ba wanda ya taɓa ciniki da shi, ba dattijon da zai tsaya masa, don haka ba a tura masa baƙo. Abin kunyar ma, da na koma gida na bincika sai na tarar da wani ɗan akwati a saitin WordPress (manhajar da na gina shafin da ita), wanda ke roƙon manhajojin bincike kada su saka shafin a kundinsu. Ni na danna shi lokacin da nake gini, na manta ban cire ba. Wata guda cur ƙofa a garƙame, ina zargin Google.

Da na cire na yi haƙuri, da shi ke nan. Amma Alhaji na kira duk bayan la'asar, ni kuma ina son wanke kaina. Sai na faɗa hannun wani mai talla a Facebook, ya ce zai zuba mini linki 2,000 masu nuno shafin a kan kuɗin da bai kai na buhun dankali ba. Google na ɗaukar linki daga wani shafi zuwa naka a matsayin shaida, kamar wani ya ce "na san shi, mutumin kirki ne." Shaidun zur na saya ke nan. Kuma ba don ban sani ba: tun Afrilun 2012 kamfanin ya fito da tsarin da ya kira Penguin don kama irin wannan maguɗi, a 2016 kuma ya mayar da shi cikin ainihin tsarin bincikensa, yana aiki ba dare ba rana.

Mako uku muka yi muna hawa. Har shafi na biyu na sakamakon bincike muka leƙa, Alhaji ya aiko mini da kwandon tumatir. Wata safiya muka ɓace. A Search Console, inda Google ke sanar da mai shafi halin da shafinsa ke ciki, na tarar da saƙo: wani ma'aikaci ya duba shafin da idonsa, ya ga linki na bogi, ya yanke hukunci. Garin neman ƙiba an samo rama.

A nan na fahimci faɗuwa iri biyu ce. In mutum ne ya hukunta ka, za a rubuto maka laifinka, kuma akwai ƙofar ɗaukaka ƙara. In kuwa lissafin na'ura ne ya sauke ka, ba saƙo ba sallama, sai dai ka gyara shafinka ka jira. Tawa mai takarda ce, kuma ta wani ɓangaren ta fi sauƙi.

Na sauke jerin linkin na bi su ɗaya bayan ɗaya. Shafukan caca, na tallan magunguna, wasu da rubutun Rasha, duk suna cewa "dankali mai araha a Jos" harafi da harafi. Na rubuta wa masu su su cire, ƙalilan suka amsa, ɗaya ma kuɗi ya nema. Sauran na tattara su a fayil ɗin barranta, hanyar da Google ya buɗe tun 2012 don ka ce ba ruwanka da waɗannan shafukan. Ƙarata ta farko an yi watsi da ita, kuma da gaskiyarsu, don na rubuta wai ban san daga ina linkin suka fito ba. A ta biyu na faɗi cewa saye na yi, na haɗa da jerin waɗanda na tuntuɓa da ranakun. Bayan makonni aka ɗage hukuncin.

Ɗagewar ba ta mayar da mu shafi na biyu ba, don tsanin da muka taka zuwa can an sare shi. Can baya muka koma, inda muka faro. Sai na fara abin da ya kamata in yi tun ranar farko: duk Litinin in je rumfa in ɗauki hoton kayan da suka sauka, in rubuta farashin buhu, da yadda ake gane dankalin rani da na damina, da dalilin da ya sa ba a cin wanda ya yi kore. Alhaji ke bayani, ni ke rubutawa. Ashe rabin abin da masu saye ke tambayar Google yana kansa shekara da shekaru.

Da na zaunar da shi na ba shi labarin akwatin da na manta da linkin da na saya, ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya kira yaronsa ya ce a zubo mini shayi, sannan ya juyo ya ce, "To Malam, kwandon tumatir ɗin nan fa, a kuɗin aikinka na wata mai zuwa zan cire."