Wai mace ba za ta iya ba

Jiya da daddare muna hira da kanwata sai zancen masu kashe mutane daya bayan daya ya taso, ta ce haba Yaya ai wannan aikin maza ne, mace ina ta ga wannan zuciyar. Dariya kawai nayi, don wallahi irin wannan tunanin nata ne yasa wasu matan suka dade suna barna ba wanda ya waiwaye su.

Na bata labarin Dorothea Puente. Tsohuwa ce mai furfura da tabarau, a Sacramento ta kasar Amurka, tana da gidan da take ajiye tsofaffi da marasa galihu, ashe kashe su take tana karbe kudin tallafin da gwamnati ke turo musu. A 1988 'yan sanda suka tono gawa a farfajiyar gidanta, gawa fa, amma da tace tana son zuwa otal din kusa ta sha kofi sai suka barta, har da rakiya. Daga nan ta sulale sai Los Angeles. Gawa 7 aka hako a gidan. Don Allah da kato ne mai gemu wa zai barshi zuwa shan kofi?

Na Meziko ma yafi bani haushi, ana ta shake tsofaffin mata a babban birnin kasar, shaidu na cewa sun ga mutum da kayan mata amma hukuma ta kafe akan namiji ne ya yi shigar mata, aka bi 'yan daudu ana kamewa, sai a Janairun 2006 aka cafke Juana Barraza, mace 'yar kokawa, aka yanke mata shekara 759.

To amma in mace ta fita daga layin da aka shata mata sai abin ya juye. Aileen Wuornos ta harbe maza 7 a Florida tsakanin 1989 da 1990, bindiga ta rike kamar namiji, ga talauci ga karuwanci a bakin titi, nan da nan ta zama dodo, wasu jaridu har suna cewa ita ce mace ta farko a irin wannan kisa. Ta farko ina? Mary Ann Cotton fa, mai kisa da guba, da aka rataye a Ingila tun 1873? Nannie Doss kuma a 1954 ta amsa da bakinta cewa ta zuba wa mazajenta 4 guba, sunan da aka lika mata wai kaka mai dariya, kamar wata abar wasa.

Wuornos an zartar mata da hukuncin kisa a 2002, Doss da Puente kuwa a gidan yari suka mutu.

Kanwata tayi shiru can tace to ai wadancan a kicin suka yi nasu. Nace eh mana, wa ke zargin wadda ta kawo masa abinci.