Shari'ar gonar Kawu

Talata, Tawa.

Yau na raka Kawu kotu a kan maganar gonar da mahaifinsa ya ba wani maƙwabci aro tun muna yara, wadda yanzu ƴaƴan maƙwabcin suke cewa sayenta ubansu ya yi. Yawancin waɗanda muka tarar suna jira a farfajiya ba laifi ake tuhumarsu da shi ba, hakki kowa ya zo nema. Akwai ƴan uwa da rabon gado ya haɗa faɗa, da wata baiwar Allah da ke neman a yanka wa uban ƴaƴanta abin ciyarwa, da mai gida da ɗan haya, da wani ɗan kasuwa da ke bin bashi.

Ba doka ɗaya ake yi wa dukkansu aiki da ita ba. Bashin kasuwanci yana bin rubutacciyar dokar OHADA, wato dokar kasuwanci ta bai-ɗaya da Nijar ke bi tare da wasu ƙasashen Afirka, har ma a Yamai an ware masa kotun kansa. Amma aure da saki da gado, da gonar da ba ta da takardar mallaka ta gwamnati, da al'adar masu ƙara ake yanke su, shi ya sa alƙali ya zauna tare da dattawa biyu masana al'ada, waɗanda nasu shawara ce, hukunci kuwa nasa ne.

Abin da alƙali ya fara nema shi ne takardar da ke nuna cewa an je gaban sarki an gwada sulhu bai yiwu ba, domin rikicin gona ba ya tsallake mai gari da sarki ya faɗo kotu kai tsaye. Daga nan ya yi wa Kawu tambayar da na ga ita ce gishirin maganar, wato ko marigayin maƙwabcin yana kawo damin hatsi gidanmu duk kaka. Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, bai taɓa fashi ba har Allah ya karɓi ransa." Wannan damin a wurinmu shi ne shaidar aro, saboda wanda ya sayi gona ba ya kai wa kowa komai bayan girbi. Ƴaƴan marigayin suka ce kyautar zumunci ce kawai.

Nan hankalina ya tashi, domin mutanen da suka ga lokacin da aka ba da gonar duk sun rasu, sai tsoho ɗaya da ƙyar yake jin magana. Iyayenmu sun yi aro da jingina bisa amana, kuma ba na ganin laifinsu, amma tun dokar karkara ta 1993 aka kafa hukumomin filaye da muke kira Kofo, waɗanda ke rubuta takardar saye ko aro ko kyauta, kuma har yau mutane da yawa suna jin kunyar neman takarda daga maƙwabci, kamar an ce ba a yarda da shi ba.

Alƙali ya ɗage zama, ya ce zai je ya ga gonar da iyakokinta, ya kuma saurari masu gonakin da ke kewaye da ita. Wanda hukunci bai gamsar ba yana da damar ɗaukaka ƙara. Kawu dai abin da ke damunsa shi ne damina ta gabato, kuma ba a faɗa mana wanda zai yi shuka a gonar bana ba.