Rahar da Ake Yi a Biro da Abin da Take Tonawa

Duk wanda ya taɓa aiki a reshen wani babban kamfani a nan Damagaram ya san cewa rahoto iri biyu ake yi a kan yadda aiki yake tafiya. Akwai wanda ake bugawa a kwamfuta a aika Yamai a ƙarshen wata, wanda kullum yake cewa komai lafiya lau, akwai kuma wanda ake yi da fatar baki a gindin bedi bayan sallar Azahar, lokacin da aka ɗora butar shayi. Na biyun barkwanci ne tsantsa, amma a ganina ya fi na farkon gaskiya nesa ba kusa ba.

Mafi yawan rahar a kan sa hannu take. Tsakaninmu da Yamai akwai tafiyar kusan kilomita 900, kuma a kamfanoni da dama ba a sayen ko da ƙunshin takarda sai hedikwata ta amince. Wani dattijon akanta da muka yi aiki tare yakan ce tun da Faransawa suka ɗauke babban birni daga nan suka kai Yamai a 1926 suka haɗa da alƙalamin sa hannu, har yau kuwa ba a maido shi ba. Na ga ranar da tawadar firinta ta ƙare a wurin aikinmu, aka ce sai an rubuta takardar neman izinin sayenta, kuma dole takardar ta zama bugaggiya, alhali firintar da za ta buga ta ita ce ba ta da tawada. Sakatariya ta hau kabu-kabu ta je kasuwa ta biya daga aljihunta aka buga mata. An daɗe ana dariyar wannan abu, ita kuwa ba a taɓa maido mata da kuɗinta ba.

Gwanin kwaikwayo a wurinmu planto ne, wato mai kai takardu daga biro (ofis) zuwa biro, domin shi kaɗai yake shiga ko'ina ba tare da an lura da shi ba. Yakan sauko da tabarau kan karan hanci, ya riƙe takarda can nesa da fuska kamar tana wari, ya yi gyaran murya, sannan ya ce, “To, malam, za mu duba.” Kowa ya san wanda ake nufi, kuma kowa ya san cewa takardar da aka ce za a duba ta shiga durowa ke nan.

Sai kuma taro, wanda ake kira da safe don a gano dalilin jinkirin aiki, a cinye hantsi ana magana, masu jiran a biya musu buƙata suna tsaye cikin rana. Wannan cuta ba tamu ba ce mu kaɗai. Tun a 1955 wani masanin tarihi ɗan Ingila, Northcote Parkinson, ya rubuta cikin raha cewa aiki yakan kumbura har ya cinye duk lokacin da aka ware masa, a 1969 kuma Laurence Peter ya ce ana yi wa ma'aikaci ƙarin girma har sai an kai shi muƙamin da bai iya ba, sannan a bar shi a can. Da wasa suka faɗa, amma yau a makarantun koyon shugabanci ake karanta maganganunsu.

Abin da yake damuna shi ne, mu a Damagaram mun gaji hanyar gaya wa manya gaskiya cikin dariya. A wasan kara matasa sukan yi shigar shugabanni su kwaikwayi tafiyarsu da maganarsu a bainar jama'a, kuma wasan taubasantaka, irin na Barebari da Fulani, UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2014 da sunan Nijar. A can wanda ake tsokana yana ji da kunnensa. A biro kuwa, da zarar motar shef, wato shugaban wurin, ta kunno kai, sai dariya ta ɗauke, a miƙe ana “ranka ya daɗe,” shi kuma ya wuce yana zaton kowa ya gamsu. Dokar aiki ta 2012 ta ƙayyade awa 40 a mako kuma ta tanadi wakilan ma'aikata, amma yaron da ya sha wahala kafin ya samu aiki ba zai kai ƙarar saƙon WhatsApp da ake aiko masa da tsakar dare ba, sai dai ya mai da shi abin dariya.

Na san shugaban reshe guda da yakan bar biro ya zauna wurin shayi. Wata rana ya ce wa planto, “Baba, yau ni za ka kwaikwaya.” Ya saurara har ƙarshe ba tare da ya ɓata rai ba, daga baya ya yi ta matsa wa hedikwata har aka ba reshen izinin kashe ƙananan kuɗi ba sai an jira Yamai ba, ya kuma mayar da taron safe zuwa bayan an sallami masu jira.