Tumatirin da na sa a lalle

Buhu goma sha biyu na jera a gindin katangar gidanmu da ke unguwar Mabera a Sakkwato, kowanne cike da ƙasa gauraye da takin tumaki. Tsadar tumatir ta daminar 2024 ce ta kai ni ga wannan aiki, lokacin da muka koma ga kauɗa da na gwangwani, miya kullum ta fito a dafe, yara suna ci suna yatsina fuska. Na ce bana ko na miyar gida ne sai na noma da hannuna. A watan Oktoba na yafa irin Roma a wani tsohon baho, bayan mako huɗu na dasa a buhunan, na kafa wa kowanne kara.

Kajin maƙwabta ne suka fara yi mini ɓarna, ƙadangaru suka biyo baya. Sai na ɗauko tsohon gidan sauro guda biyu na ɗinke su, na lulluɓe buhunan gaba ɗaya, na danne gefe da bulo. Ko sauro ba ya shiga. Na riƙa jin kaina gwana.

Ganye kam ya yi, kore shar, har masu shigowa suna cewa tubarkalla. A Disamba fure ya fito, rawaya, zube-zube a kowane reshe. Daga nan ne abin ya tsaya. Furen zai buɗe, ya yi kwana uku ko huɗu, sai ya faɗi. In kika duba ƙasan furen akwai wata 'yar gaɓa a sandarsa kamar gwiwa. Nan take fara sauya launi zuwa rawaya, kina taɓawa ta ɓalle. Kullum da safe in na ɗaga ragar sai na tarar da furanni kwance a kan ƙasar buhu. Na ɗauka yunwa ce, na ƙara masa takin yuriya. Ganye ya ƙaru, fure ya ci gaba da zuba. Wata facalata ta ce baki ne, in rataya tsohon takalmi. Ban rataya ba, amma ba zan ce ban yi tunanin yi ba.

Ranar wata Juma'a kawuna ya biyo daga masallaci ya gaishe mu. Shi manomin lambu ne a fadamar Kwalkwalawa, albasa da tumatir da tattasai ya tashi yana nomawa. Na kai shi gun buhunan ina ta bayani. Ya tsaya ya dubi katanga, ya dubi raga, sai ya yi dariya.

"Ke ɗiyata, wanga tumatir ko amarya? Kin sa shi lalle, kin rufe mai ƙofa. Mi ka girgiza shi nan ciki?"

Na ce, "Kawu, girgiza kuma? Ai ni gudun karyewa nake yi."

"Iska shika so. Mu can hwadama iska ka yi muna aikin."

Ya yaye ragar, ya kama karan da na ɗaure shukar a jiki, ya ɗan ƙwanƙwasa shi da yatsa sau uku, kamar mai sallama a ƙofar gidan surukai. Ya ce haka zan riƙa yi da hantsi. Ya tambayi takin da nake sawa, na faɗa masa, ya ce in ajiye yuriyar nan, ganye kawai take haifarwa.

Ban gamsu ba sai da na fahimci dalili. Ƙanena yana karatun aikin gona a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da ya zo hutun ƙarshen mako na sa shi gaba. Ya tsinki fure ɗaya, ya karɓi allurata ya tsaga wannan ɗan tsinin da ke tsakiyarsa, mai kama da bututu. A ciki akwai wani siririn zare kore mai ɗan kai, a gindinsa kuma ɗan ƙwallo bai kai ƙwayar dawa ba. Ya ce ƙwallon nan shi ne tumatirin, zaren shi ne macen, bututun da ya kewaye shi kuma shi ne namijin, a jikinsa garin furen yake, wato ƙurar da sai ta sauka kan macen kafin fure ya zama tumatir. Kabewa da kankana furen namiji daban, na mace daban, dole sai ƙwaro ya yi dako tsakaninsu. Tumatir kuwa kowane fure ya ishi kansa. Matsalarsa ɗaya, garin a kulle yake cikin bututun, ba ya zubowa kan zaren sai an jijjiga shi. A fili iska ce ke yi. Ni kuwa na ajiye nawa a lungun da katanga biyu suka haɗu, na kuma ƙara da raga.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne ƙudan zuma da muka sani ba ya taimakon tumatir sosai. Furen ba shi da ruwan zaƙin da yake nema, kuma bai iya jijjigar ba. Masu iyawa su ne irin wannan ƙaton baƙin ƙwaro mai ƙugi da ke huda azara da busasshen itace. Yana rungume furen ya kaɗa jikinsa, garin ya zubo. Na sha korarsa da tsintsiya daga rumfarmu. A Turai, inda ake noman tumatir cikin ɗakunan gilashi, a da ma'aikata ne ke bin furanni da sandar lantarki mai jijjiga, sai a ƙarshen shekarun 1980 aka fara kiwon wani ƙudan zuma mai gashi a Beljiyam ana sayar wa manoma shi a kwali don wannan aiki kaɗai.

Na fara ƙwanƙwasa kara kamar yadda Kawu ya nuna. Sai ɗana na fari ya zo da tasa dabarar. Ya ɗauko kilifar askin babansu, ya kunna, ya jingina bayanta a sandar da furannin ke jiki, ba bakin askin ba. Ya ce in tara wayata a ƙasa, fuskarta a kashe. Wallahi sai ga wata 'yar ƙura fara-fara mai ratsin rawaya ta feso daga tsinin furen, ta kwanta a kan baƙin gilashin kamar an busa hoda. Daƙiƙa biyu ko uku kowane zube ya isa. Wannan ne karon farko da na ga abin da ido, kuma daga ranar ban sake shakka ba. Maigida ya nemi kilifarsa har ya gaji, ƙarshe ya same ta a kan bulo.

Lokaci ma sai da na koya. Da sassafe, bayan asuba, in na yi gwajin waya ba na ganin komai, furen bai gama buɗewa ba, sanyi ya riƙe garin. Tsakanin ƙarfe tara da sha ɗaya ne yake zubowa sosai. Nakan yi yau, in tsallake gobe, in yi jibi, tunda furanni ba rana ɗaya suke buɗewa ba. Hunturunmu kuma bushewa gare shi, in iska ta bushe ƙwarai garin ba ya manne wa kan zaren. Don haka nakan fara ba da ruwa a gindi da safe, in yayyafa wa ƙasan wurin, in bar furen a bushe. Ragar na mayar da ita shinge iya ƙugu, sama a buɗe. Buhu huɗu na jawo su tsakiyar gida inda iska ke ratsowa daga zaure, waɗannan ko ban taɓa su ba suna kamawa.

Cikin mako guda na ga bambanci. Furen da ya kama ba ya ɓallewa a gwiwa. Ganyensa rawaya ya yanƙwane ya bushe, sandar ta yi kauri ta zauna kore, ƙwallon ya leƙo kamar ƙwayar wake. A Fabrairu muka fara tsinka. Na lura da wani abu a wuƙa: 'ya'yan farko, waɗanda suka kama da kansu kafin zuwan Kawu, ƙanana ne, cikinsu kogo, iri kaɗan. Na baya sun fi nauyi a hannu, cike da iri da ruwa.

Daɗi ya ɗebe ni, na ce ai na gano bakin zaren. A Fabrairun nan na sake yafa iri, a raina in samu tumatir lokacin da na fadama ya ƙare, kuɗinsa ya tashi. Kawu ya aiko a gaya mini kada in wahalar da kaina. Ban ji ba. Furen ya zo a Afrilu, lokacin da Sakkwato ke haura digiri 40 da rana, dare kuma mutum ya kwana a tsakar gida yana fifita. Na bi su da kilifa safe bayan safe. Gilashin waya ya ƙi nuna komai sai ɗan abin da ba a rasa ba. A wasu furannin ma zaren ya zarce bututun ya leƙo waje, ya bushe. Ƙanena ya ce in rana ta wuce 35, dare ya ƙi sauka ƙasa da 24, garin tun yana cikin toho yake lalacewa, ko an zubo shi ba rai a jikinsa. Na yi rumfa da zana, na rufe bakin buhunan da ciyawa, na koma ban ruwa safe da yamma. Shukar ta rayu. Cikin buhu takwas na tsinki tumatir bakwai, su ma kamar goriba ta fi su girma.

Da na kai wa Kawu gaisuwar Sallah, ya tambaye ni labarin amarya. Na ce ta yi yaji. Ya ce in bari sai ruwa ya ɗauke, zai aiko mini da dashe daga nasa.