Tarihin Rayuwata, Kashi na Huɗu: Baƙin Dutsen da Baba Ya Taho da Shi Kumasi

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya a inda motar albasa ta sauke mu a unguwar Aboabo ta Kumasi da asubar fari, farkon 1967, ni da Baba da Inna da ƙannena biyu, bayan kwana da kwanaki muna tafe daga Kano ta Sakkwato da Yamai da Bawku da Tamale, har muka haye ruwa a Yeji. Masu bin labarin nan da dama sun tambaye ni dalilin da ya sa tsofaffin unguwa suke kirana Ɗan Inugu, alhali na haura shekara hamsin a Kumasi, a nan na yi aure, a nan na aurar. Amsar tana cikin adakar Baba.

Washegarin isowarmu Inna tana kwance kaya a tsakar gidan Kawu, matar Kawu tana taya ta, sai suka ci karo da wani abu naɗe a tsumma, girmansa kamar dunƙulen hannu, baƙi wuluk, yana ƙyalli. Matar Kawu ta juya shi, ta ce, "Yaya, har da gawayi kuka ɗauko daga Najeriya? Ai nan garin gawayi ne." Ta nufi kurfoti da shi, inda ruwan koko yake tafasa. Ban taɓa ganin Baba ya tashi da sauri irin na ranar ba. Ya karɓe shi da hannu biyu, ya ce, "Hajiya, wannan ba gawayi ba ne. Kwal ne. Ba itace aka ƙona aka same shi ba, mutum ne ya shiga cikin ƙasa ya saro shi." Ya mayar cikin adaka, kusa da wani tsohon littafin bashi da aka rubuta da ajami.

Baba mahauci ne. Yana saurayi ya bi shanu a jirgin ƙasa ta Kafanchan da gadar Makurɗi, ya sauka Inugu da niyyar wata uku, ya yi shekara ashirin da shida. A can aka haife ni a 1953. Inugu kuwa ba tsohon birni ba ne irin Kano ko Kumasi, mai fada da kabarin sarakuna. Kwal ne ya haife shi. A 1909 ayarin masu binciken ma'adinai ƙarƙashin wani bature, Albert Kitson, suka gano kwal a tsaunukan Udi. Turawa suka buɗe rami na farko a 1915, suka shimfiɗa dogo zuwa Fatakwal, wadda ita ma saboda a sami tashar fitar da kwal ɗin aka kafa ta. A 1917 aka buɗe ramin Iva Valley. Ƙasar mutanen Ngwo ce, sunan garin ma a harshensu yana nufin kan tudu.

Sai da na girma na gane cewa wannan baturen bai tsaya can ba. A 1913 ya dawo nan Gwalkwas, wato Gana ta yanzu, ya shugabanci binciken ƙasa, shi ya gano lu'ulu'u a kogin Birim a 1919, shi ne kuma ya fara ba da shawarar a tare kogin Bolta, inda daga baya Nkrumah ya gina madatsar Akosombo. Wato ruwan da muka haye a Yeji ma, wanda madatsar ta tara, da hannunsa a ciki.

Abin da na fi tunawa a Inugu shi ne asuba. Kafin ladan ya yi kiran assalatu za ka ji takun mutane suna gangarowa daga ƙauyukan tudu, wasu sun yi tafiyar mil da yawa a ƙafa. Kowa da lambarsa. Akwai masu sara da diga a can ƙuryar rami, inda mutum ba ya iya miƙewa tsaye, akwai masu loda amalanken ƙarfe su tura a kan siririn dogo, akwai masu kafa itace don kada rufin ya rufto. Da yamma su fito ba ka gane kowa, sai fararen idanu da haƙora. In ɗayansu ya yi kaki, baƙi ne. Yawancinsu 'yan Ibo ne. Mu Hausawa namu shi ne shanu, da nama, da goro, da ɗinki, da gadi. Amma cikinmu da nasu a ɗaure suke da igiya ɗaya: ranar da aka biya albashi a rami, kasuwar Ogbete sai ta cika har ba masaka tsinke, in kuwa biya ya yi jinkiri, nama ya kwana a kan tebur.

Shi ya sa Baba yake da littafin bashi. Mahaƙi zai zo tsakiyar wata ya ce a yanka masa na sule ɗaya, Baba ya rubuta sunansa da ƙauyensu da ajami, ƙarshen wata ya kawo. Baba yana jin harshensu kamar a ciki aka yaye shi, su kuma suna kiransa Malam. Kada wani ya ce mini zaman doya da manja aka yi tun farko, domin na gani da idona. Garin da aka yi wa magajin gari na farko a 1956, aka ɗora Malam Umaru Altine, Bafillace mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, ɗan jam'iyyar NCNC ta Azikiwe, da ƙuri'un 'yan Ibo, ba za a ce ba ya karɓar baƙo ba.

A littafin nan akwai shafi guda da Baba ba ya son a buɗe. Sunaye uku ne, an ja wa kowanne layi, ba a rubuta "ya biya" ba. A watan Nuwamba na 1949 mahaƙa suna rikici da hukumar rami a kan kuɗaɗen da suke bi da kuma korar 'yan'uwansu. Da farko tafiyar hawainiya suka yi wa aikin, daga baya suka zauna a bakin rami suka ƙi tashi. Gwamnatin mulkin mallaka ta tsorata kada nakiyar da ake fasa dutse da ita ta faɗa hannun 'yan siyasa, sai ta tura 'yan sanda su kwashe ta. Ranar 18 ga wata, a Iva Valley, baturen da ke jagorantarsu ya ba da umarni aka buɗe wuta a kan mutanen da ba su riƙe da bindiga. Mutum 21 suka mutu, 51 suka ji rauni. Labarin ya girgiza Najeriya duka, ya ƙara wa masu neman 'yanci ƙarfi, kuma a shekarar da ta biyo aka kafa hukumar kwal ta ƙasa.

Baba ya ce yana cikin fiɗa ya ji ƙarar daga nesa, ya ɗauka nakiyar rami ce. Sai da mata suka fara gudu suna kururuwa. Abin da ya fi ci masa rai har ya koma ga Allah shi ne, cikin masu kakin da aka kawo garin a kwanakin akwai masu jin Hausa, har sun sayi tsire a wurinsa. Kwana uku bai fita kasuwa ba. Da ya fita, ya ɗauki cinyar sa ya hau tudu zuwa gidajen mutum ukun nan, ya yi ta'aziyya, ya gaya wa iyalansu babu sauran bashi tsakaninsu.

Ƙanen ɗaya daga cikinsu yana wurin ranar, harsashi ya same shi a ƙafa, ya rayu yana ɗingishi. Shekara goma sha bakwai bayan haka, a 1966, lokacin da jirage suka riƙa isowa daga Arewa da gawawwaki da masu rauni, gari ya hargitse, gwamnan soja Ojukwu ya ce duk wanda ba ɗan yankin ba ya fita, wannan mutum ne ya ƙwanƙwasa mana ƙofa cikin dare. Na ba ku labarin daren a kashi na biyu, ba zan maimaita ba. Abin da ban faɗa ba shi ne, da ya kai mu tasha, ya zaro dunƙulen kwal daga aljihu ya danƙa wa Baba, ya ce da gurguwar Hausarsa, "Malam, riƙe. Ka dawo."

A Kumasi Baba ya koma sana'arsa a mayanka, amma ba ya sakewa. Da aka ji a rediyo cewa shugabannin sojan Najeriya sun zauna a Aburi, nan cikin ƙasar Gana, a Janairun 1967, ya ce wa Inna kada ta kwance sauran kaya. Kawu ya ce, "Malam, ka kwantar da hankalinka, zango gidan baƙo ne." Baba ya ce, "Alhaji, na sani, amma na bar wuƙaƙena a hannun mutane." A watan Yuli yaƙi ya ɓarke, a Oktoba Inugu ta faɗa hannun sojan tarayya. Ranar Inna ta kwance kayan da kanta, bai ce mata komai ba.

Wanda ya ɗan sanyaya masa zuciya wani tsoho ne da muke kira Baba Direba, ko da yake ba tuƙi ya yi ba, wuta yake zuba wa jirgin ƙasa tsakanin Sekondi da Kumasi har ya yi ritaya. Wata rana bayan la'asar suna zaune a ƙofar masallaci, Baba ya ce mini, "Kai yaro, ɗauko mini abin nan." Tsohon ya karɓa, ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya shinshina, ya yi dariya. "Malam, ai wannan tsohon abokina ne. Na Inugu ne. A Takoradi ake sauke mana shi daga jirgin ruwa. Shekara nawa ina ɗibarsa da shebur!" Baba ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe gumin mutanena ya riga ni zuwa garin nan." Daga ranar suka ƙulla. Shi yana ba da labarin hawan tudu da tukunyar jirgi tana huci, Baba yana ba shi labarin waɗanda suka saro abin da yake zubawa. A bakin Baba Direba sunan Ɗan Inugu ya fito, ya bi ni.

Su biyun suna zancen abin da ya riga ya kama hanyar mutuwa ne. A ƙarshen shekarun 1950 ana haƙo sama da tan 900,000 a shekara, mahaƙa sun haura 8,000. Amma an sami man fetur a Oloibiri a 1956, jiragen ƙasa a Najeriya da Gana suka koma dizal, yaƙi ya zo ruwa ya cika ramuka. Aka yi ta ƙoƙarin farfaɗowa bai yiwu ba. Lokacin da Allah ya nufe ni da komawa, bayan rasuwar Baba, na tarar ciyawa ta rufe bakin rami, dogo ya yi tsatsa, yara suna ƙwallo a inda ake loda kwal. Gari ya bunƙasa, ya zama babban birnin jiha, lambar motocinsu tana kiransa birnin kwal, an kafa gunkin tunawa da mahaƙan 1949, amma saurayin da ya ɗauke ni a mota bai taɓa riƙe kwal a hannunsa ba. Na hau tudu na nemi mai ɗingishi. Wannan tafiya tana da nata kashin, za mu zo kanta.

Yanzu dai muna 1969. Ina da shekara goma sha shida, ina taya Kawu jera goro a ganye, na fara jin Tonanci, harshen Asante, Baba ya fara maganar neman fili a Asawase. Wata Talata da daddare muna cin tuwo a tsakar gida, sai maƙwabcinmu ya shigo ko sallama bai gama ba, rediyo a hannu. Gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama kwana goma sha huɗu ya bar ƙasar. Baba ya tsame hannunsa daga kwano, ya tambayi nawa ga wata. Aka ce masa 18 ga Nuwamba. Ya dubi ɗakin da adakar take, ya ce wa Inna, "Ina kika ajiye igiyoyin ɗaurin kaya?"

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.